Motar Yaya ta ƙi tashi, ga shi saura kwana takwas ya dawo

Assalamu alaikum Malam. Ina cikin tsaka mai wuya. Yayana, wanda shi ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifinmu, ya sayi Porsche 911 sabuwa fil bara. Wata biyu ke nan da ya tafi Ingila kwas, ya bar min mukulli ya ce in riƙa ɗumama ta duk mako, amma kada in fita da ita. Sau biyu na yi, jarrabawa ta sha kaina na manta. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ranar da na yi na ƙarshe abokaina sun zo, muka zauna a cikinta fiye da awa ɗaya muna jin kiɗa muna ɗaukar hoto, injin a kashe. Jiya na danna rimot, ko ƙyaftawa fitila ba ta yi ba, ƙofa ma ta ƙi buɗuwa. Mai wayarin unguwarmu ya ce zai sa sukundireba ya ɓalle bonet, ya tayar da ita da batirinsa, in ta tashi ya cire ya mayar da namu. Wani abokina ya ce a tura ta kawai. Maigadi kuma ya ce a ɗauko batirin inbata na gida. Saura kwana takwas Yaya ya dawo. Don Allah ka nuna min yadda zan tayar da ita ba tare da ya sani ba.

Ƙanin mai mota, Abuja

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kwantar da hankalinka, motar nan lafiyarta ƙalau. Batir ne ya yi sanyi, kuma babu motar da hakan ba ya samu, daga Golf ɗin haya har Porsche. A yadda take tsaye yanzu, ɓarnar da ka yi wa Yayanka ba ta wuce kuɗin caji ba, in abin ya yi tsanani kuɗin sabon batir. Abin da ya fi ɗaga min hankali a wasiƙarka shi ne mutanen da ka tara a kanta da kuma maganarka ta ƙarshe. Shawarar mai wayarin nan ita kaɗai ta isa ta mayar da matsalar dubbai ta koma ta miliyoyi, kuma na san ba don kana ganin ƙwarewarsa kake sauraronsa ba. Kana so ne a gama a ɓoye kafin jirgi ya sauka, shi kuwa mai sauri a ɓoye duk wanda ya ce masa "yanzu-yanzu za a yi" shi yake bi. Garin neman gira ake rasa ido.

Saboda haka kafin a taɓa ko noti ɗaya, ka kira Yaya. Ban ce haka don wa'azi kaɗai ba, akwai abubuwan da shi ne kawai ya san su kuma aikin ba zai yiwu yadda ya kamata ba sai da su. Shi ya san dilan da ya sayar masa, shi ya san ko garantin motar yana aiki, shi ya san ko an sa mata tiraka, wato na'urar bin sawun mota, da kuma wanda ya sa. Sannan ka sani, irin wannan mota ba ta rufa asiri. Duk lokacin da wuta ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwarta tana ajiye labarin, ranar da aka kai ta sabis aka jona mata kwamfuta za a karanta masa. In kuma da tiraka a jiki, da yawansu suna tura wa mai mota saƙo da zarar batir ya yi ƙasa ko an cire shi, ka ga wataƙila ma ya sani, jira yake ya ga ko za ka faɗa. Ka gaya masa duka, har da zaman kiɗan. Ba sai ka tsawaita ba: "Yaya, na yi sakaci da motar, na bar ta ba ɗumi, kuma akwai ranar da muka zauna a ciki da abokaina injin a kashe. Batir ya mutu. Ban bari kowa ya taɓa ta ba, na ce sai na ji daga bakinka." Zai yi faɗa, ya cancanci ya yi. Amma wannan magana ta ƙarshe, cewa ba ka bari an taɓa ba, ita ce za ta sanyaya masa rai, don duk mai irin motar nan ya san hannun ɗan koyo ya fi mutuwar batir haɗari.

Kuma in za a yi adalci, laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Motocin zamani ba sa mutuwa in an kashe su, barci suke yi da ido ɗaya a buɗe. Ƙararrawar ɓarayi tana cin wuta, na'urar da ke sauraron rimot tana ci, mai haɗa motar da wayar mai ita tana ci. In komai lafiya, abin da take sha a ajiye bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. Mu ɗauka 30 take sha: a mako guda ta cinye amfiya-awa 5, a mako shida 30 ke nan, batirin kuwa gaba ɗayansa wajen 70 yake ɗauka. Ƙara tiraka a kai, wadda galibi a nan gida ake liƙa ta ba tare da an damu da abin da take zuƙa ba. Ƙara zafin Abuja, don batir ya fi saurin zubar da cajinsa da kansa a zafi. Sannan ku kuka zo kuka kunna kiɗa da allo da fitilun ciki na awa guda. 'Yar ɗumamawar da Yaya ya ce a riƙa yi ma, ko da ka kiyaye ta, ba ta mayar da abin da mako ya cinye, jinkirta ranar kawai take yi. Wannan kada ka faɗa masa a waya yau, ka bari sai ya huce.

Yanzu ga mashawartanka. Mai cewa a tura ta shi ne mai sauƙin sallama. Yawancin 911 na yanzu giyarsu mai canza kanta ce, wadda Porsche ke kira PDK, kuma irinta ba ta tashi da turi ko unguwa guda za ta taru. Ba wuta ma giyar ba za ta fita daga fakin cikin sauƙi ba. Ko da mai kuloci ce, famfon mai da allurar fetur da ƙwaƙwalwa duk wuta suke jira, turi ba zai ba su ba tunda batir ya mutu murus.

Mai wayarin shi ne abin tsoro. Murfin gaban motar nan alminiyom ne, in sukundireba ya lanƙwasa bakinsa ba ya komawa yadda yake, ga fenti. Amma wannan ƙarami ne a kan rabin maganarsa na biyu. Dabarar nan ta tayar da mota da wani batir sannan a zare shi injin yana aiki a mayar da mataccen, a Fijo 504 da Bitil aka koye ta, motocin da in ka cire rediyo ba sauran wani abu mai ƙwaƙwalwa a cikinsu. A motar zamani batir ba ma'ajiyar wuta kaɗai ba ne, shi ne yake shanye hauhawar wutar da altaneta, na'urar da ke cajin batir in inji yana aiki, ke bayarwa. In aka zare shi injin yana juyawa, wutar takan yi tsalle na ɗan ƙiftawar ido ta haura nesa da bolt 14 da aka gina kayan a kai, kuma tsallen nan cikin ƙananan kwamfutocin motar yake shiga, waɗanda makanikai ke haɗa su duka su ce birenbos. Ba ɗaya ba ce, sun kai gommai: ta inji, ta giya, ta birki, ta jakar iska, ta ƙofofi. Wani lokaci a tsira, shi ya sa masu yi suke rantsuwa sun sha yi ba abin da ya faru. Ranar da ba a tsira ba kuwa, sai an yi odar kayan daga waje an kuma nemo mai kwamfutar da zai daidaita su da motar, garanti kuma ba ya biyan ɓarnar da hannu ya yi. Haka nan al'adar karta waya a kan batir don a ga ko zai yi tartsatsi. Shekarun baya a wani gareji a Kano ina tsaye ina jiran a gama min aiki, wani yaron gareji ya ɗora sifana a kan batirin da aka sauke daga caji, don ya gwada. Ƙarar da muka ji kamar an harba bindigar toka. Murfin batirin ya tsage, ruwan ya watsu masa a fuska da ƙirji, aka danne shi ana kwarara masa ruwan buta a ido yana ihu. Allah ya tsare idon. Da na koma washegari rigar tana rataye a jikin ƙusa, duk ta zama ramuka kamar ɓera ya ci. Batir yana fitar da iskar haidirojin, musamman in ana cajinsa, ita kuwa tartsatsi ɗaya take jira.

Abin mamaki, maigadi ne ya fi su kusa da gaskiya. Batirin inbata guda ɗaya bolt 12 ne, daidai da na mota. Inda haɗarin yake shi ne a gidaje da yawa ana jera su biyu ko huɗu su ba da 24 ko 48, in aka ja waya daga jerin kai tsaye an gama da motar. In za a yi amfani da shi, sai an kashe inbatar, an kwance guda ɗaya gaba ɗaya daga 'yan'uwansa, an sa mita an ga 12 da ɗoriya. Ga nauyi, mai amfiya 200 sai mutum biyu. Batirin Corolla ko Camry ya fi shi sauƙin sha'ani. Abin da ba za a kusanto da shi ba shi ne tirela da tifa da manyan bas, don yawancinsu a kan 24 suke aiki.

To, in Yaya ya ba da izini, ga yadda ake shiga. A cikin rimot ɗin akwai ɗan siririn mukullin ƙarfe da ake zarowa. Ramin da yake shiga yana ɓoye ƙarƙashin mariƙin ƙofar direba, sai ka ɗago mariƙin ka leƙa za ka gan shi. Ka buɗe a hankali, saboda gilashin ƙofar 911 ba shi da firam. In da wuta, duk lokacin da aka ja ƙofa gilashin yakan sauka kaɗan da kansa ya fita daga cikin roba, in an rufe ya koma. Yanzu ba zai sauka ba. Don haka in ka buɗe, ka bar ta a buɗe har wuta ta dawo, kada wani ya zo ya buga ta da ƙarfi gilashi ya daki roba ko ƙarfe. Da ka shiga, buɗe aljihun gaba ka ɗauko littafin motar. Duk inda maganata ta saɓa da tasa, bi tasa, don shi aka rubuta wa wannan ƙirar da wannan shekarar.

Injin 911 a baya yake, batir kuma a gaba, cikin wurin kaya, ƙarƙashin wani murfin roba kusa da gindin gilashin gaba. Murfin gaban da wuta yake buɗuwa, wutar kuma tana cikin abin da aka kulle. Jamusawan sun san da wannan, sun bar ƙofa. A gefen ƙafar direba ta hagu akwai akwatin fis. Cire murfinsa za ka ga wani ɗan jan abu da ake jawowa waje, da ɗan hoton mota mai buɗaɗɗen murfi a kusa da shi. Jawo shi har ƙarfen jikinsa ya bayyana. Ɗauko jar waya, baki ɗaya a kan mai alamar tarawa (+) na batirin da aka kawo, ɗaya bakin a jikin wannan jan abu. Baƙar waya kuma daga kan mai alamar ɗebewa (−) zuwa ƙarfen ƙofa marar fenti da littafin ya nuna. Da ka haɗa, ƙararrawa tana iya ɓarkewa, kada ka firgita, alamar wuta ta shiga ce, danna buɗewa a rimot za ta yi shiru. Sai ka danna maɓallin murfin gaba a rimot ka riƙe kamar daƙiƙa biyu, za ka ji ƙwas. Cire baƙar waya, cire ja, mayar da jan abun mazauninsa.

A nan mutane suke yin kuskuren da ke ƙona waya. Wannan jan abu na buɗe murfi ne kawai. Siririyar hanya ce, ba za ta ɗauki ɗaruruwan amfiyan da kik yake ja ba. Kada ka ce tunda dashbod ya kawo wuta bari in gwada tayarwa.

Da murfi ya buɗe, yi abu biyu kafin komai. Sa mukullin a aljihunka, don wasu motocin suna kulle kansu da zarar wuta ta dawo. Sannan jefa tsumma a kan makullin murfin yadda ko iska ta turo shi ba zai kama ba, in ba haka ba ka koma gidan jiya.

Yanzu karanta abin da ke rubuce a jikin batirin, don a nan hanya ta rabu. In ka ga AGM, batirin dalma ne irin na zamani wanda ruwansa ke tsotse cikin wani abu kamar auduga, da shi za a iya ci gaba. In ka ga Li-ion ko LiFePO4, batirin litiyom ne, kuma Porsche ta fara ba da irinsa tun 2010 a ƙirar 911 mai suna GT3 don rage nauyi, yanzu ya yaɗu zuwa wasu ƙirar. Shi yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa a ciki, wadda take yanke wuta in caji ya yi ƙasa sosai don ta kare shi, har mita ta nuna sifili alhali bai mutu ba. Irinsa sai caja da aka yi domin litiyom, kuma in aka yi masa ganganci yana iya kullewa har abada, ga tsadarsa ta ninka ta AGM sau da yawa. In shi ne, rufa masa murfin robarsa ka bar wa wanda dila ya turo. Haka kuma in motar GTS ce ta 2024 zuwa sama mai rubutun T-Hybrid, to abin da ke gaban ma batirin bolt 400 ne, ƙaramin na 12 yana can baya. Duk inda ka ga waya ruwan lemo, ɗauke hannunka.

Mu ce AGM ne. Dube shi da ido da hanci: in ya kumbura, ko ya tsage, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a jona shi, canzawa ake yi. In lafiya, ɗora mita. Cikakken batir yana nuna 12.6 zuwa 12.8. In 12.2 ne, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Naka da ko fitila ba ya kunnawa, ina zaton za ka gan shi ƙasa da 10.5, kuma batirin da ya daɗe a wannan hali wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, ya rage masa ƙarfi ko bayan an cika shi.

Ga ra'ayina, tunda kana da kwana takwas: kada ka jona ta da wata mota sam. Nemo caja mai ƙwaƙwalwa, irin su CTEK, ka sa ta a kan AGM, ka bar ta ta kwana tana yi a hankali. Ita ce hanyar da ba ta girgiza komai. Jar waya a kan (+) na batir, baƙa a kan ƙarfen atin, wato mahaɗin (−), da aka tanada a jikin mota kusa da shi. Ban ce cajar masu cajin batir na bakin titi ba, mai babban taransifoma da allura, wadda ake murɗa ta a ce a ba shi wuta ya farka. Irinta ba ta san iyaka ba, AGM kuwa ba ya son a haura masa kusan 14.7, in ya bushe ba a ƙara masa ruwa. Matsalar ita ce wutar NEPA, don haka ka jona cajar a soket ɗin da ke kan inbata ko sola. Abin da take ci ba shi da yawa.

In caja ba ta samu ba sai jonawar, to a yi ta da tsari. Wayar ta zama mai kauri, jan ƙarfen cikinta ya kai milimita 25 murabba'i, ba irin siririyar nan ta go-sulo mai kaurin roba da gashin waya uku a ciki ba, wadda take ɗumi a hannu kafin inji ya juya. Motar taimako ta zama ta fetur ta yau da kullum, kada a ɗauko mai haɗin lantarki. A matso da ita kusa amma kada jiki ya taɓa jiki. A kashe komai a motocin biyu. Ja ta fara hawa (+) na mataccen batir, sannan ɗaya bakin ya hau (+) na mai rai. Baƙa ta hau (−) na mai rai. Bakin ƙarshe shi ne wanda ake kuskure: ba a kan (−) na mataccen batir ake sa shi ba, a kan ƙarfen atin na jikin mota ake sa shi. Dalili biyu ne. Haɗin ƙarshe shi ke yin tartsatsi, gara ya yi nesa da iskar da ta fasa wa yaron can batir. Na biyu, a kan (−) ɗin akwai wata 'yar na'ura da ke ƙirga duk wutar da ta shiga da wadda ta fita, in ka maƙala waya kai tsaye ka tsallake ta, motar ba za ta san an yi wa batirinta caji ba, kuma na'urar kanta tana iya lalacewa. Kafin bakin nan na ƙarshe ya taɓa ƙarfe, tsaya ka bi kowace waya da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ka duba alamar da ke jikin batir, kada ka dogara da launi kaɗai. Juya (+) da (−) na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona altaneta da abin da ya fi ta.

Sai a tayar da motar taimako, a ɗan ɗaga totur kaɗan, a bar su haɗe minti biyar zuwa goma mataccen ya ɗan sha. Sannan ka taka birki ka tayar. Kada kik ya wuce daƙiƙa 15 yana juyawa, in ba ta kama ba a jira minti guda. In an yi sau uku shiru, a tsaya haka, akwai abin da ya wuce batir ko kuma batirin ya gama yawo. In ta tashi, a bar su minti biyu, sannan a kwance daga ƙarshe zuwa farko: baƙa daga jikin Porsche, baƙa daga mai taimako, ja daga mai taimako, ja daga Porsche, kuma kada bakunan su haɗu da juna a hannunka. Idan da 'yar na'urar tayar da mota mai kama da babban fawa-bank za a yi, tsarin ɗaya ne, sai dai wasunsu ba sa ganin batirin da ya mutu murus sai an danna maɓallin tilastawa, shi kuma maɓallin nan yana kashe kariyar da ke hana ɓarna in an juya waya. Duba sau biyu kafin ka danna. Ƙofar gareji kuma a buɗe, hayaƙin mota a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warin abin da ke kisan ba.

Da ta tashi za ka ga dashbod ya cika da fitilu kamar gidan biki. Yawancinsu ƙorafin yunwar da suka sha ne. Ta PSM, mai kula da santsi, takan mutu in an ɗan juya sitiyari hagu da dama aka yi 'yar tafiya a miƙe. Gilasan ƙofa sai an tuna musu iyakarsu: ja maɓalli har gilashi ya rufe, saki, sake ja ka riƙe kaɗan. Agogo ma sai an gyara. Kada ka yi ta zuga mata totur don maƙwabta su ji, inji mai turbo da ya yi mako shida a kwance yana bukatar mai ya zagaya tukuna. Ɗora mita a kan batir injin yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7 ko kusa da haka. Kuma kada ka ɗauka tashin nan shi ne ƙarshen magana. Altaneta an yi ta ne don ta riƙe cikakken batir, zagayen rabin awa ba zai cika wanda ya mutu murus ba, gobe da safe za ka iya tarar da ita shiru. Cajar nan dai sai an nemo ta. In bayan ya cika ya kwana ya sauko ƙasa da 12.4 ba tare da an taɓa komai ba, batirin ya tafi. Sabon ya zama irinsa daidai, AGM a madadin AGM, kuma sai an shigar da shi cikin kwamfutar motar, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsoho.

Ga masu karatu da ke da wasu irin: Toyota Supra ta 2019 zuwa sama da BMW Z4, waɗanda a masana'anta ɗaya aka haɗa su a Graz ta ƙasar Ostiriya, batirinsu a but yake, amma an fito da wurin jonawa ƙarƙashin bonet, mai jan murfi da alamar (+), can ake sa waya. Corvette ta 2020 zuwa sama injinta a tsakiya yake, batir a gaba. Mustang kuwa ba ta da wannan wahala, batirinta yana nan gefen inji.

In Yaya ya dawo ya huce, ka ba shi shawarar ya bar cajar nan a jone duk lokacin da motar za ta yi fiye da mako biyu a ajiye, an yi su ne don haka, suna cikawa su tsaya su jira. A riƙa kulle motar da rimot ko a cikin gida ne, don sai an kulle take yin barci mai nauyi, mukullin kuma a ajiye shi can cikin ɗaki, kada a rataye shi a bangon gareji inda za su yi ta jin juna. A sa wanda ya san aiki ya auna abin da tirakar ke ja.

Hotunan da kuka ɗauka ranar nan fa? In abokanka irin waɗanda na sani ne, sun riga sun hau Instagram da lambar motar a fili, kuma Ingila ma ana buɗe Instagram. Awa ɗaya ce ko babu tsakanin agogonmu da na Landan, yanzu haka idonsa biyu. Kira shi yau.